Kiran Ƙofar Toshe

A shekara ta goma sha tara ta sarautar Dagaci Maikuɗi ɗan Ismail a Garun Ɗanbala, wani tsohon gari da ke tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. An yi zafin da har ƙadangare ya daina gyaɗa kai. Rijiyoyi suka ja baya, tsofaffi suka koma gindin tsamiya da jiƙaƙƙen tsumma a ka, ba mai yawun da zai yi gardama. Amma garin bai zauna lafiya ba, don maganar da ke yawo a cikinsa ba ta bukatar yawu. Da ido ake yin ta.

Garin yana da ganuwa tun zamanin yaƙi. Yanzu ta zaizaye, awaki na hawa suna sauka, in ban da wuri ɗaya daga kudu, inda ake kira Ƙofar Toshe. Ƙofa ce da aka cike da tubali tun kaka da kakanni. Taku goma za ka yi ka zagaye ta ka shiga gari, amma duk shekara sai fada ta sa an yi mata sabon yaɓe. A bayanta akwai unguwa mai gida kamar arba'in, ana ce mata Bayan Garu.

Ga al'adar da aka gada. Ranar Ƙaramar Sallah, in an sauko daga Idi, Dagaci ba ya wucewa fada sai ya tsaya a wannan ƙofa. Dagaci Maikuɗi a tsohuwar motarsa yake zuwa, wadda rabin tafiyarta fetur ne, rabi kafaɗun fadawa. Sai Sanƙira, wato mai shelar fada, wanda tarihin gari ke cikin kansa, ya dafa tubalin ya ɗaga murya:

"Wa ya fita ta nan?"

Jama'a su amsa, "Khuzaima maci amana!"

"Me aka yi masa?"

"An toshe!"

Sau uku. Daga nan yara su jefi bangon da tsakuwa, a yi dariya, a tafi cin tuwon Sallah. Labarin da kowa ya sani shi ne, a zamanin yaƙin Ningawa, lokacin da mayaƙan dutse suka yi wa garin ƙawanya, limamin gari Malam Khuzaima ya buɗe ƙofar kudu ya gudu wurin abokan gaba da almajiransa. Mutanen Bayan Garu jikokin waɗanda suka bi shi ne suka dawo daga baya. Saboda haka ba a ba su limanci, ba sa tsayawa a sahun farko a Idi, ba a naɗa su ko da mai unguwar awaki. Duk shekara suna tsaye da sababbin kayansu ana zagin kakansu, suna kallon ƙasa. Suna da wata al'ada tasu ma da ake yi musu dariya a kai: matansu ba sa karɓar gishiri hannu da hannu. Sai an ajiye a ƙasa, sannan mace ta sunkuya ta ɗauka. Ka tambaye su dalili, su ce haka suka tarar.

Sanƙiran wannan zamani shi ne Badaru. Ya haura sittin, gajere, mai muryar da in ya yi shela a ƙofar fada ana jin sa a masussuka. Shekara talatin da ɗaya yana wannan kira, bai taɓa jin komai a ransa ba, kamar yadda mahauci ba ya mafarkin akuya. 'Ya ɗaya Allah ya bar masa, Munawwara. Ita kuwa da ta tashi aure, duk samarin cikin gari ba ta ga kowa ba sai Hambali na Bayan Garu. Aka yi ta surutu. Badaru ya ce, "Ni maroƙi ne, gidan wa zan raina?" Ya ɗaura musu aure, har suka sami 'yar yarinya.

Hambali ba ƙaramin malami ba ne. Ya yi karatu a gabas shekara tara, ya dawo da Alƙur'ani a ka da littattafai buhu biyu. In ya ja baƙi, tsofaffin cikin gari sai su fake da neman inuwa su matso su saurara. Da limamin gari ya rasu, ba mai shakkar wa ya fi cancanta. Aka zauna a fada, aka tashi, aka ba ɗan'uwan Galadima, wanda in ya ja Fatiha sai mamu sun riƙe numfashi har ya tsallake. Hambali ya koma unguwarsu. Ya kafa rumfar zana a Bayan Garu, ya ci gaba da karantarwa.

Da zaɓe ya zo, samarin unguwar suka kafa ƙungiya, suka tsayar da nasu ɗan takarar kansila, suka ce ta akwati za su shiga garin tunda ƙofa a toshe take. Ranar zaɓen fid da gwani suka yi layi tun safe a rana. Ranar da sunayen 'yan takara suka fito, sunan mutuminsu ya bi iska, ba wanda ya san inda ya sauka, sai dai an ga fadawa suna murmushi. Daga wannan rana Hambali ya canza. Wasu baƙi suka fara zuwa masa a kan babura, masu ɗangalallen wando da ƙarancin dariya, suna sa wa samari wa'azi a waya. Aka ƙona katin zaɓe a gaban rumfa, aka ce kafirci ne. Aka cire yara daga firamare. Aka daina cin yankan mahautan cikin gari. Hambalin da a da yake cewa "an zalunce mu" ya koma cewa "mutanen cikin gari ba Musulmi ba ne." Kafin azumi ya raba, labari ya cika gari cewa sun share wani wuri a dajin kudu, can gindin duwatsu, za su yi hijira da mata da yara.

Ranar ashirin da bakwai ga wata, bayan la'asar, Badaru ya zagaya ta gefen Ƙofar Toshe ya shiga gidan 'yarsa. Abin da ya fara gani shi ne tukwane a kife, an ɗaure su da igiya. Tabarmi a naɗe. Ko turmi an kwantar da shi kusa da zaure. Munawwara na ƙulle kayan yarinya a zani, ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta ɗago ido ba.

Ya ce, "Wannan wane irin share-sharen Sallah ne, har da turmi?"

Ta ce, "Malam zai yi maka bayani, Baba."

Hambali ya fito daga ɗaki ya rusuna, don duk abin da ya canza, gaisuwar suruki bai bari ba.

"Baba, barka da shan iska."

"Iskar da nake sha ba ta da daɗi, Malam. Ina za ka kai min 'ya?"

"Inda ba a zagin kakan 'yarta ranar Idi."

"Haba, Malam! Wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne. Ni kaina da nake kiran, tunanin tuwo nake yi."

Hambali ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Wasan da ya hana ni limanci? Wasan da ya cinye sunan ɗan takararmu? Baba, ina ɗan shekara shida na fara jin muryarka a ƙofar nan. Na tambayi mahaifina wane ne maci amana, ya ce kakanmu ne, ya ce in yi shiru in gyara hulata. Na yi shirun shekara talatin. Malam Khuzaima waliyyi ne, ya bar garin zalunci don Allah, mu ma hanyarsa za mu bi."

"To in ba a yi kiran ba fa?"

"Za a yi. Fir'auna bai taɓa fasa al'ada ba. Amma ga alkawari na ɗauka a gaban mutanena: in aka wuce ƙofar nan ba a zagi Malam ba, za mu kwance kaya mu ƙara shekara. In aka zage shi, daga nan inda muke tsaye za mu juya kudu. Manyan motoci biyu na jira a hanyar Kwandiko."

Badaru ya dubi 'yarsa. "Ke fa?"

Ta ce a hankali, "Inda mijina ya sa ƙafa, Baba. Kai ka koya min."

Ya fito bai san ta inda ya bi ba. Washegari da hantsi ya faɗi a gaban Dagaci a zauren fada. Galadima na gefe yana fifita da mafici.

"Allah ya ja zamaninka, roƙo na zo yi. Bana a yafe kiran ƙofa."

Dagaci Maikuɗi ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da ke tsoron a ce sun ji tsoro. Ya shafa gemu ya ce, "Sanƙira, kakana ya tsaya a ƙofar nan, ubana ya tsaya. Shekarar da aka yi yunwa an yi kira, shekarar da aka yi sanƙarau an yi kira. Sai a zamanina a ce wani yaro mai guntun wando ya hana?"

"Ranka ya daɗe, mata da yara ne za su shiga daji. Kusan mutum ɗari biyu."

Galadima ya ce, "Su tafi mana. Gonakinsu ba za su bi su ba."

Dagaci ya harare shi, amma bai tsawata ba. Ya ce, "In na fasa bana, baɗi limanci za su nema, baɗin baɗaɗa wannan buzun da nake kai. Ka yi kiranka, Badaru. In muryarka ta gaji, akwai masu so."

"Allah ya ba ka nasara," in ji Badaru. Ya ja da baya ya fita.

Gaba kura, baya sayaki. In ya yi kira, da bakinsa ya kora 'yarsa daji. In ya ƙi, wani zai dafa tubalin ya yi, sakamako ɗaya. Kwana biyun da suka rage bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya je gona, ba abin yi a gona da rani, ya dawo. Ya zauna a majalisa, ya tashi. Ya kwance rawaninsa ya naɗa ya fi sau goma. Matarsa Hapsatu ta ce, "Malam, in ƙuma ce a rigar nan ka cire a shanya. Ka hana kaji ma kiwo."

"Hapsatu, akwai magana a cikina."

"Shekara arba'in kana fitar da magana a kasuwa, yau kuma ita ce ta maƙale?"

"Wannan ba a faɗa wa mace."

Ta ajiye muciya ta dube shi. "To ka faɗa wa namijin da ka haifa."

Nan ta taɓa masa inda ke ciwo. Don gidan Sanƙira labari biyu suke gada. Akwai labarin baki, wanda ake shela da shi. Akwai kuma labarin kunne, wanda uba ke faɗa wa ɗansa namiji sau ɗaya tak, a tsakiyar gona da rana tsaka, inda ba bango balle kunnen bango, sannan ya sa shi ya rantse ba zai fitar ba sai ga nasa ɗan. Badaru ya karɓi nasa yana saurayi, ya ajiye shi a can ƙasan ciki kamar tsohuwar fartanya. Ba shi da ɗa. In ya mutu, labarin ya bi shi kabari, labarin baki ya zama shi kaɗai ne gaskiya har abada.

Ranar Sallah gari ya waye da gumi, hadari na taruwa a gabas yana watsewa. Aka sauko daga Idi. Mutanen Hambali ba su je ba, nasu suka yi daban, amma ga su sun yi sahu a bayan Ƙofar Toshe, maza a gaba, mata a baya da ƙunshin kaya a ka da goyo. Mutanen gari suka tsaya ta ɗaya gefen. Wasu samari na ɓangaren biyu hannuwansu na cikin riga, ba kuwa sanyi ake yi ba. Fadawa suka turo motar Dagaci har gindin bango, suka share gumi.

Badaru ya taka ya dafa tubalin. Ya hango Munawwara a sahun mata, turmi ba ya kanta amma tukunya na kai. Ya ɗaga murya, muryar nan da ake ji a masussuka:

"Wa ya fita ta nan?"

Kafin jama'a su buɗe baki ya ɗaga hannu. "Ku dakata! Shekara talatin da ɗaya ina tambaya kuna ba ni amsa. Yau ni zan ba ku."

Ya sa hannu ya warware rawaninsa, ya naɗe shi, ya ajiye a kan motar Dagaci. Sannan ya fuskanci motar ya rusuna.

"Allah ya ja zamanin Dagaci. Ga rawaninka, don abin da zan faɗa ba a faɗar sa da rawani. Na rantse wa ubana ba zan faɗa ba. Zan yi kaffara.

"A zamanin Sarki Ɗanbala, wanda ya gina garun nan, mayaƙan dutse suka kewaye gari bayan girbi, suka zauna kwana arba'in. Abinci ya ƙare, aka ci dusa, aka ci ganyen da akuya ke tsallakewa. A gidan Sarki kuwa akwai rumbuna tara cike da geron zakka. Liman Khuzaima, wanda ɗan wan Sarki ne, kuma wasu ke ganin shi ya fi cancantar sarauta, ya tashi ranar Juma'a ya ce, 'Zakka haƙƙin talaka ce, a buɗe rumbu.' Jama'a suka yi kabbara. Sarki ya ji kabbarar nan har cikin hanjinsa. Ya tara Galadima da Madaki da Sarkin Yaƙi, suka yi shawara.

"Da safe aka kira Liman. Sarki ya ce, 'Malam, kai suke jin kunya. Fita ka nema mana sulhu.' Liman ya ce, 'Na ji, na bi.' Ya ɗora Alƙur'ani a ka, almajiransa suka bi shi, suka fita ta nan inda hannuna yake. Ba su kai harbin kibiya ba magina suka fito. Jama'a, ƙasar ginin tun jiya aka kwaɓa ta! Kafin rana ta take, an toshe. Da azahar aka tattaro matansu da 'ya'yansu aka zura su ta kan garu da igiyar guga. Sannan aka sa Sanƙira ya zaga gari yana shelar Liman ya gudu wurin abokan gaba. Wannan Sanƙira kakana ne. A gidanmu aka haifi ƙaryar nan, mu muka yi mata wanka, mu muke ciyar da ita duk Sallah. Kwana uku Malam Khuzaima yana buga bangon nan da tafin hannu yana kiran sunan baffansa. Ba a amsa ba."

Galadima ya yi tsawa, "A kama shi!" Ba wanda ya motsa. Dagaci na zaune a mota, fuskarsa kamar an shafa toka. Can ɓangaren Bayan Garu kabbara ta tashi. Hambali ya ɗaga hannu sama, hawaye na zuba. "Kun ji! Kun ji da kunnenku! Allah ya fitar da gaskiya daga bakin maroƙinsu! Me ya rage mana a garin nan?"

Badaru ya juya gare shi. "Malam, rabin tuwo ka ci kake hamdala. Saura rabi, kuma shi ne mai ƙashi.

"A rana ta huɗu Khuzaima ya bi mayaƙan dutse. Shekarar farko kuka yake yi. Shekara ta biyu ya yi fatawa cewa Sarki Ɗanbala ya fita daga Musulunci. Ta uku ya ce duk wanda ya kwana a cikin garu ya bi Sarkinsa, jininsa ya halatta. Ya dawo da mashi. Girbi uku a jere yana ƙona gonakin garin nan, gonakin talakawan da ya yi wa huɗubar gero. Sarki bai rasa loma ɗaya ba, rumbunansa na cikin garu. Da wasu almajiransa suka ce, 'Malam, wannan fa iyayenmu ne muke ƙonawa,' sai fatawar ta juyo kansu. Aka fara yankan na gida. Kakanninku da suka dawo suka zauna a bayan bangon nan, ba da yaƙi aka ci su ba. Daga hannun Malam suka gudo. Suka zaɓi zagin shekara-shekara a kan su koma wurinsa."

"Ƙarya ne!" in ji Hambali. "Ƙaryar fada ce!"

"Ɗazu da na zagi fada ai ba ka ce ƙarya ba ne. Baki ɗaya ne, Malam, ban canza shi a hanya ba. Wanda ya ajiye rawani don ya faɗi ta farko, me zai ci a ta biyu?"

Aka fara hayaniya, samari suna matsowa. A cikin wannan ruɗani wata murya ta fito daga sahun mata, ba ta da ƙarfi, amma jinin Sanƙira ce, ta ratsa.

"Baba!"

Munawwara ce. Ta sauke tukunyar daga kanta.

"Baba, matan da aka zura da igiya fa? Su yaya suka ƙare?"

Tun da aka toshe ƙofar nan ba a taɓa jin wanda ya yi wannan tambaya ba. Badaru ya juya ga 'yarsa. Wannan ne gutsuren da ubansa ya faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa, ko da yake su biyu ne a gona.

"Su sittin da ɗaya ne, 'yata. Da yunwa ta kama sansani, Malam ya yi fatawa cewa duk matar da mijinta ya gudu ko aka kashe shi a kan ridda, ta zama ganima. Akwai ayarin fatake da ke bi ta gindin dutsen da gishiri. Aka riƙa jera matan, ana auna su. A miƙa wa mace buhun gishirin da aka saye ta da shi, ta karɓa da hannunta ta kai wa Malam, sannan ta bi fatake. Su huɗu ne suka dawo."

Ba wanda ya yi kabbara. Can sai wata tsohuwa a sahun mata, Inna Kubra, wadda ta fi kowa shekaru a Bayan Garu, ta zauna daɓas a ƙasa ta dafa kai.

"Gishiri," ta ce. "Wayyo Allah, gishiri! Kakata ta mare ni a kan na karɓa a hannu. Ta mare ni tana kuka, ta ƙi gaya min dalili."

Maganar ta bi sahun matan kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kowacce ta tuna uwarta, ta tuna ranar da aka buge mata hannu. Ɗaya ta sauke ƙunshinta. Wata ta sauke. Ba wanda ya ba su umarni, ba su kuma nemi izinin kowa ba. Munawwara ta ɗauki tukunyarta ta rungume a ƙugu, ta matso gaban mijinta ta durƙusa.

"Malam, ka yafe min. Ina nan a ɗakinka, ban fita daga aurenka ba. Amma ni da yarinyar nan ba za mu gindin dutse ba."

"Kin fi yarda da maroƙi a kan mijinki?"

"Ranar da aka kawo ni gidanku, innarka ce ta koya min ajiye gishiri a ƙasa. Ita ba maroƙiya ba ce."

Hambali ya dubi matan, ya dubi mazajen da suka fara sosa ƙeya, don jihadin da ba mai tuƙa tuwo a cikinsa ba kowa ke iya shi ba. Ya dubi bangon. Waɗanda ke kusa sun ce ya ɗaga hannu kamar zai dafa tubalin, sai ya fasa. Da a wannan lokaci Dagaci ya buɗe ƙofar mota ya fito ya ce, "Malam, zo ka ja mu sallar Juma'a," da labarin nan ya ƙare a nan. Masu turin motar sun ce sun ga hannunsa ya kai kan marfin. Galadima ya sunkuya ya yi masa raɗa. Hannun ya koma cinya.

"A tura," in ji Dagaci.

Aka tura.

Abin da aka riƙe na ƙarshen al'amarin shi ne, Hambali ya juya kudu a ranar da mutum goma sha ɗaya, duk samari, ba mace ko ɗaya. Motocin da ke jira a hanyar Kwandiko ɗaya ta koma ba kowa. Kafin kaka, mutum biyar daga cikin samarin suka dawo, a rame, ba sa son a tambaye su. Ɗaya ya ce baƙin nan masu babura sun karɓe jagoranci, sun ce karatun Hambali ya yi laushi. Shi kansa ba a sake ganin sa ba. Wasu sun ce yana raye, wasu sun ce fatawa ta juyo kansa kamar yadda ta saba. Bai aiko da takardar saki ba. Har yau in babur ya tsaya a Bayan Garu, Munawwara sai ta leƙo.

Badaru bai sake naɗa rawani ba. Ya yi azumin kaffararsa kwana uku, Hapsatu na cewa wannan ne karo na farko da ta ga maroƙi ya biya don ya yi magana. Da Sallah ta zagayo, aka nemi mai kira. Duk masu son da Dagaci ya ce akwai, wannan ya ce mura, wancan ya ce haƙori. Fadawa suka tura motar ta wuce ƙofar da sauri, har tana neman tashi da kanta. Ba a sake yaɓe ba. Damina biyu ta cinye kan bangon, yanzu akuya na iya leƙa cikin gari ta wurin. Amma limanci na nan a gidan Galadima, mutanen Bayan Garu kuma na nan a sahu na biyu.

Masu mulki suna ganin in sun toshe ƙofa sun huta. Ba su san wanda aka bari a waje ba ya tafiya da nisa, zagayawa yake yi, ko bayan shekara ɗari da hamsin, ya dawo da jikansa. Shi kuma wanda aka toshe wa, ranar farko gaskiya ce a hannunsa. In ya daɗe yana buga bango, sai hannun ya yi kanta, ya daina gane bambancin tubali da mutum. Sarki Ɗanbala ya mutu a kan gadonsa, Khuzaima ya mutu a kan dutsensa, kowanne yana ganin Allah na ɓangarensa. Waɗanda aka auna da gishiri ba a riƙe sunan ko ɗaya ba.

Kwanan baya an ga Badaru a tsakiyar gonarsa da rana tsaka, ya zaunar da jikarsa a kan kunya yana yi mata magana, ga uwarta a tsaye. Da suka dawo ta kasuwa, mai tebur ya auna wa Munawwara gishiri ya miƙo, yana dariya ya ce ai yanzu an san dalili, sai a daina. Ta nuna masa ƙasa.

"Ajiye," ta ce. "Da ban sani ba ma na yi, balle yanzu."

Haka aka ji, haka aka riƙe. Abin da ya ɓuya a bayan bango, Allah ne ya san shi.